Yadda ake cusa tutoci da yawa cikin lamba ɗaya a kod, da yadda ake fito da su

Idan ka taɓa ɗora shafi a kan sabar Linux to babu makawa ka buga chmod 755 ko chmod 644, umarnin saita izinin fayil, kuma in za mu faɗa wa juna gaskiya yawancinmu kwafowa muka yi daga wani wuri muka manna, abu ya yi aiki muka wuce abinmu. Ni kam na daɗe ina buga 755 ɗin nan ban san daga ina 7 ta fito ba. Ashe 4 ta karanta fayil ce, 2 ta rubutu a cikinsa, 1 ta kunna shi, ka tara su ka samu 7, ita kuma 5 karatu ne da kunnawa babu rubutu. Wato lamba ɗaya ce take ɗauke da amsar tambayoyi uku na eh ko a'a. Wannan dabarar ce ake kira tutocin bit, kowace amsa tuta ɗaya kenan, kuma da zarar ta zauna maka a kai za ka fara ganinta ko'ina, a PHP, a Android, har a cikin saƙonnin da kwamfutoci ke aika wa juna a intanet.

Misalin da zan yi amfani da shi daga wani ɗan aiki ne da na yi wa wata makarantar Islamiyya, manhajar jadawalin malamai, kowane malami da ranakun da yake shigowa. Da Python zan rubuta kod ɗin saboda ya fi sauƙin karantawa, amma alamomin nan duk ɗaya ne a C da Java da JavaScript da PHP.

Mataki na farko: kowace tuta da mazauninta

Ka tuna jerin makunnan wuta a bangon shago, wannan na fanka, wannan na ƙwan fitila, wannan na firij. Kowanne ko dai a kunne yake ko a kashe, kuma taɓa ɗaya ba ya shafar na kusa da shi. Haka lamba take a cikin kwamfuta, jerin 0 da 1 ne, kowane gurbi shi ne bit. Gurbin farko daga dama darajarsa 1, na biyu 2, sai 4, 8, 16, 32, 64, kowanne ninkin na bayansa. Ranakun mako bakwai ne, bit bakwai kenan:

```python
LAHADI  = 1 << 0   # 1
LITININ = 1 << 1   # 2
TALATA  = 1 << 2   # 4
LARABA  = 1 << 3   # 8
ALHAMIS = 1 << 4   # 16
JUMAA   = 1 << 5   # 32
ASABAR  = 1 << 6   # 64
DUKA    = 127
```

Alamar << tana tura 1 ɗin nan zuwa hagu sau adadin da ka rubuta. Za ka iya rubuta 1, 2, 4, 8 da hannu ba laifi, amma ni na fi son turawar saboda ido yana ganin lambar gurbin kai tsaye, kuma ba za ka yi suɓutar hannu ka rubuta 62 a maimakon 64 ba. Abin da ba za ka taɓa yi ba shi ne ba su 1, 2, 3, 4 a jere, domin 3 a bainari, rubutun lamba da 0 da 1, 11 ce, wato Lahadi da Litinin a haɗe, in ka ba Talata 3 babu yadda za a yi ka bambance ta da waɗancan biyun. Sirrin duk yana nan: da 1, 2, 4, 8 kowace jimla hanya ɗaya tak ake samunta.

Mataki na biyu: haɗawa

Makarantun allo da Islamiyyu da yawa Alhamis da Juma'a suke hutu, to malamin da ke zuwa duk ranakun karatu ga nasa:

```python
malam = ASABAR | LAHADI | LITININ | TALATA | LARABA
print(malam)                 # 79
print(format(malam, "07b"))  # 1001111
```

Sandar nan tsaye | ita ce OR, tana duba gurbi-gurbi, in akwai 1 a ko wane ɓangare ta ajiye 1. Ka karanta 1001111 daga dama: Lahadi a kunne, Litinin, Talata, Laraba duk a kunne, sifili biyu na Alhamis da Juma'a, sai Asabar can ƙarshen hagu. 79 ɗin nan ita kaɗai za ka ajiye a databes.

Yanzu wani zai ce ai 64+1+2+4+8 ma 79 ne, me ya sa ba za mu tara da + ba kawai? To nan ne na sha kashi. A sigar farko ta manhajar, in aka danna rana sai na rubuta ranaku = ranaku + rana. Wani malami Lahadi kaɗai yake da ita, 1 kenan, aka zo ƙara masa Talata, netwok na ja da ƙyar, mai shigar da bayanan ya ga shiru ya sake dannawa. 1+4+4 ya ba da 9, ita kuwa 9 a bainari 0001001 ce, Lahadi da Laraba. Talata ta ɓace ɓat, Laraba ta fito daga inda ba a shuka ta ba, malam ya zo ranar Laraba ya tarar da wani a ajin, yaran Talata kuma suka wuni ba malami. Babu wani jan rubutu da ya fito, kod bai yi ƙorafi ba ko kaɗan, don 9 halastacciyar lamba ce a tsarin. Da | na yi amfani, 5 | 4 yana nan 5 ko sau ɗari ka danna. Don haka kunna tuta kullum haka ne:

```python
ranaku |= TALATA
```

Mataki na uku: tambayar lamba me ke cikinta

Nan alamar & ke aiki, AND kenan, ba ta barin 1 sai in duka ɓangarorin biyu suna da 1 a gurbin. Masu kod suna ce wa lambar da ake tacewa da ita mask, ni rariya nake ce mata, don aikinta kenan, abin da ya dace da ramukanta ne kawai ke wucewa.

```python
if (malam & TALATA) != 0:
    print("yana zuwa Talata")
```

79 & 4 ya ba da 4, ba sifili ba, to yana zuwa. 79 & 16 ya ba da 0, ba ya zuwa Alhamis. Lura fa, amsar 4 ce ba 1 ba, kar ka rubuta == 1, wannan Lahadi kaɗai zai yi wa aiki sai ka yi ta mamakin me ya samu sauran ranakun.

In rariyar tana da rami fiye da ɗaya, tambayoyi biyu ne mabambanta kuma mutane suna yawan cakuɗa su:

```python
karshen_mako = ASABAR | LAHADI
ko_daya = (malam & karshen_mako) != 0
duka_biyu = (malam & karshen_mako) == karshen_mako
```

Na farko yana tambaya ko yana zuwa a ɗaya daga cikinsu, na biyu yana tambaya ko yana zuwa duka biyun. A jadawali kuskuren ba zai kashe kowa ba, amma in izini ne kake dubawa, a ce sai mai ikon gani da ikon gyara ne zai taɓa maki, ka yi amfani da na farko, to ka buɗe wa duk mai ikon gani ƙofa kenan.

Bakan nan da nake sa wa malam & TALATA ba ado ba ne. A Python ko ka cire su zai yi daidai, amma a C da JavaScript da PHP alamar == tana riga & aiki. In ka rubuta x & TALATA == TALATA can, za a fara lissafa TALATA == TALATA a samu 1, sannan a yi x & 1, wato kana tambayar Talata ana ba ka amsar Lahadi. Java ita ƙin haɗa kod ɗin take yi gaba ɗaya, wanda gara hakan. Ka saba da sa bakan a kowane yare ka huta.

Wani abin daɗi da & shi ne haɗa jadawali biyu. A ce malamin nan ma'aikacin gwamnati ne, Litinin zuwa Juma'a, 2+4+8+16+32 wato 62. Waɗanne ranaku ne aikin ofis da makaranta suka haɗu masa? 79 & 62 ya ba da 14, a bainari 0001110, Litinin, Talata, Laraba. Layi ɗaya, babu zagaye babu kwatanta jeri da jeri.

Mataki na huɗu: kashewa da juyawa

Kashe tuta sai an haɗa alamomi biyu. Alamar ~ tana juya kowane bit, 1 ya koma 0, 0 ya koma 1, to ~TALATA rariya ce mai rami a ko'ina ban da gurbin Talata:

```python
ranaku &= ~TALATA
```

Komai ya wuce, Talata ta maƙale. In dama can a kashe take babu abin da zai canza, saɓanin ragewa da - wanda zai yi maka irin ɓarnar da + ta yi min. Masu PHP sun san wannan salon ko da ba su lura ba, error_reporting(E_ALL & ~E_NOTICE) ma'anarsa nuna min duk kurakurai ban da E_NOTICE, wadda darajarta 8.

In ka buga print(~79) a Python za ka ga -80, kar ka firgita, haka kwamfuta ke ajiye lambobin ƙasa da sifili, duk gurbin da ke hagu ya zama 1. In ranakun hutun malam kake nema sai ka tace da DUKA, ~79 & 127 ya ba da 48, 16 da 32, Alhamis da Juma'a.

Ita kuma ^ mai kama da hula, XOR, juyawa take yi, in a kunne take ta kashe in a kashe take ta kunna. Ta dace da akwatin da ake dannawa a fuskar manhaja, amma ni ba na aika umarnin juyawa zuwa saba, saboda danna biyun nan na netwok zai mayar da abu inda yake. Gara manhaja ta ce kunna ko ta ce kashe ƙarara. Sannan a kula, ^ ba alamar ninka lamba da kanta ba ce a Python ko C, 2^3 yana ba da 1 ne ba 8 ba, na ga wanda ya jera tutocinsa da 2^0, 2^1, 2^2 ya samu 2, 3, 0. A PostgreSQL kuma abin ya juye, ^ ce ta ninka lamba da kanta, # ce XOR.

Mataki na biyar: warware lambar gaba ɗaya

An ba ka 79 daga databes, kana so ka nuna wa mutum sunaye:

```python
SUNAYE = ["Lahadi", "Litinin", "Talata", "Laraba",
          "Alhamis", "Juma'a", "Asabar"]

def warware(lamba):
    return [suna for i, suna in enumerate(SUNAYE)
            if (lamba >> i) & 1]

def hada(jeri):
    lamba = 0
    for suna in jeri:
        lamba |= 1 << SUNAYE.index(suna)
    return lamba
```

Alamar >> tana turo lambar dama har gurbin da kake so ya zo bakin ƙofa, & 1 ta ɗauke shi shi kaɗai. Da gangan na fara da Lahadi, saboda getDay() na JavaScript 0 yake ba Lahadi, to 1 << d.getDay() yana ba ka tutar yau kai tsaye. Python kuwa weekday() Litinin yake ba 0, in ka yi amfani da shi haka duk jadawalin zai goce da kwana ɗaya. Ka ɗauki isoweekday() % 7, shi Litinin 1 ce Lahadi 7, saura bayan rabawa da 7 ya mayar da Lahadi 0.

Tun Python 3.6 da ya fito a 2016 akwai IntFlag a cikin enum, yana rage wahala sosai:

```python
from enum import IntFlag

class Rana(IntFlag):
    LAHADI = 1
    LITININ = 2
    TALATA = 4
    LARABA = 8
    ALHAMIS = 16
    JUMAA = 32
    ASABAR = 64

j = Rana(79)
print(Rana.TALATA in j)   # True
```

In kuma kwana nawa malam yake zuwa kake so ka sani, bin(79).count("1") ya ba ka 5, daga Python 3.10 kuma akwai bit_count() da ke yin haka. Masu Kotlin ku tuna babu waɗannan alamomin a wurinku, kalmomi ne, or da and da xor da shl da shr da inv(), shi ya sa kuke ganin FLAG_ACTIVITY_NEW_TASK or FLAG_ACTIVITY_CLEAR_TOP a kod ɗin Android.

Mataki na shida: in abin ya wuce eh ko a'a

Za ka iya ware wa ƙaramar lamba gurabe da yawa a jere. A ce ban da ranaku muna so mu saka awar fara darasi da lambar aji. Awa daga 0 zuwa 23 ce, bit 5 sun isa tunda suna ɗaukar har 31. Aji kuma bit 4, har 15. Ranaku sun cinye gurbi 0 zuwa 6, awa ta zauna 7 zuwa 11, aji daga 12:

```python
def kunshe(ranaku, awa, aji):
    assert 0 <= ranaku <= 127 and 0 <= awa <= 23 and 0 <= aji <= 15
    return ranaku | (awa << 7) | (aji << 12)

x = kunshe(79, 16, 3)     # 14415
ranaku = x & 127          # 79
awa = (x >> 7) & 31       # 16
aji = (x >> 12) & 15      # 3
```

Ƙarfe huɗu na yamma bayan la'asar, aji uku, ranaku biyar, duk cikin 14415. Wurin fitarwa dokar ɗaya ce, turo dama sannan ka tace. Layin assert ɗin nan, mai tsayar da kod in lamba ta wuce iyakarta, kar ka raina shi, in wani ya shigar da awa 40 bisa kuskure, 40 ba ta shiga bit 5, rarar za ta tsallaka katanga ta faɗa gurbin aji, ɗan aji 2 ya koma aji 3 awa kuma ta koma 8.

Canza awa ma sai an share tsohuwar tukuna. In ka yi | da 8 a kan 16 za ka samu 24, awar da babu ita a agogo:

```python
x = (x & ~(31 << 7)) | (8 << 7)   # 13391
```

Launukan shafin intanet haka aka ƙunshe su, FF8000 bit 8 na ja ne, 8 na kore, 8 na shuɗi, (launi >> 8) & 255 ya fito maka da koren, 128. Shi ma 755 ɗin chmod rukuni uku ne na bit uku-uku, mai fayil, ƙungiyarsa, sai kowa da kowa, shi ya sa ake rubuta shi da lissafin tushe takwas. A Python sai ka rubuta 0o755, wanda a lissafinmu na yau da kullum 493 ne. In ka manta ka ba os.chmod 755 tsurarta, ta zama 0o1363, kai mai fayil ɗin ma ka hana kanka karanta shi.

Ramukan da suka rage

JavaScript yana mayar da lamba bit 32 mai alamar ragi kafin ya yi waɗannan ayyukan, 1 << 31 yana ba da -2147483648, 1 << 32 kuma ya zagayo ya dawo 1, wato tuta ta 33 ta hau kan ta farko shiru. In tutocinka sun kusa 31 ka koma BigInt, 1n << 40n. Discord, dandalin hira na intanet, ya wuce bit 32 a tsarin izininsa, kuma a matsayin rubutu yake aiko da lambar izinin ba a matsayin lamba ba. A C ka rubuta 1u ko 1ULL kafin turawa mai nisa. Python shi babu ruwansa, lambarsa tana girma yadda ta ga dama, amma gurbin databes ɗinka yana da iyaka, BIGINT bit 64 ne.

Tuta mai darajar sifili ita ma tarko ce. A tutocin buɗe fayil na Linux O_RDONLY 0 ce, O_WRONLY 1, O_RDWR 2, to x & O_RDONLY kullum sifili zai ba ka, sai dai ka tace da O_ACCMODE ka kwatanta. A naka tsarin ka bar 0 ta zama babu komai.

Babban kuwa shi ne sake jera gurabe bayan an fara ajiye bayanai. Ranakun mako ba sa ƙaruwa, amma izini yana ƙaruwa, yau kana da gani 1, gyara 2, gogewa 4, gobe ka ga ya fi kyau bugawa ta shiga tsakanin gyara da gogewa, ka tura gogewa zuwa 8. Duk wanda aka ajiye masa 4 a baya ma'anar lambarsa ta canza ba tare da an taɓa layinsa ba. Sabuwar tuta ƙarshen layi take zuwa, wadda aka daina amfani da ita kuma a bar gurbinta fanko da ɗan bayani a gefe.

A SQL nema yana da sauƙi, WHERE (ranaku & 4) <> 0 ya kawo duk malaman Talata, kuma UPDATE da SET ranaku = ranaku | 4 ya fi ka karanto lambar ka gyara ka mayar, don mutum biyu na iya yin haka lokaci guda ɗaya ya goge na ɗaya. Sai dai indeks na yau da kullum, abin da ke hanzarta nema a databes, ba ya taimaka wa irin wannan neman, databes sai ya bi layi ɗaya bayan ɗaya. Ga malamai talatin ko a jikinsa, ga layi miliyoyi kuwa za ka ji a jikinka. Ra'ayina dai, in abubuwan ba su da yawa, ba sa canzawa, kuma amsarsu eh ko a'a ce zalla, tutoci sun dace. Ranar da aka ce min kowace rana da awarta daban, Asabar da safe Litinin da yamma, ban tsaya jayayya ba na buɗe wa jadawalin tebur nasa.

Kafin ka saki kod ɗin ka gwada zuwa da dawowa, bit bakwai lambobi 128 ne kacal, kwamfuta za ta bi su duka kafin ka ɗaga hannu daga kibod:

```python
for n in range(128):
    assert hada(warware(n)) == n
    for i in range(7):
        t = 1 << i
        assert (n | t) | t == n | t
        assert (n & ~t) & t == 0
```

Layin tsakiyar nan shi ne gwajin danna biyu, in ka musanya | da + a wurin nan take zai faɗi tun a lambar farko. Gyaran kod ɗina na wancan lokacin harafi ɗaya ne, amma lambobin da suka riga suka lalace babu lissafin da zai dawo da su, don ba ka da hanyar sanin 9 ɗin nan Lahadi da Laraba ce ta gaskiya ko Talata ce aka danna sau biyu. Sai da muka zauna da shugaban makarantar da tsohon jadawalin takarda da ke manne a bangon ofis, muna bin sunayen malamai ɗaya bayan ɗaya, wanda muka yi shakka a kansa a kira shi a waya.